Kalmar Gyara da Kalmar Bola

Sha'aban ya ja labulen gefe don likitan ya samu wurin tsayawa. A kan gadon, Laouali na kwance, hannunsa na dama a naɗe har gwiwar hannu. Kwana uku ke nan da wani dutsen gini ya suɓuce a wurin aikinsu na Dir'iyya ya danne masa shi. Kamfani ya turo Sha'aban ne saboda shi ne dattijon direban da ke jin Turanci. Laouali kuwa, magini daga Maraɗi, shekararsa tara a Riyad, amma Turancinsa bai wuce kalma biyu ba.

A bakin injiniyansu, wani Bature, ya tsince su. In ƙofa ta tsage ko inji ya tsaya, Baturen zai zo ya duba. Idan ya ce "damej", sai a kai abin wurin gyara, bayan kwana biyu ya dawo bakin aiki. Idan kuwa ya saki ɗayar, ta ashar, wadda mai mutunci ba ya furtawa gaban surukinsa, to kafin la'asar abin yana cikin motar shara. Leburori suka raɗa musu suna: kalmar gyara da kalmar bola.

Likitan, wani matashi mai tabarau, ya kwance naɗin. Ya soki kan kowane yatsa da allura, Laouali bai motsa ba. Ya koma ƙarshen gadon ya nuna wa wani abokin aikinsa mai farar riga sakamakon gwaji, ya rage murya, ya girgiza kai. A cikin abin da ya faɗa, Sha'aban ya ji kalmar bola sarai.

Sannan likitan ya juyo, ya gyara fuska, ya yi wa Sha'aban bayani a tsanake. Jijiyar hannun, in ji shi, ta samu damej. Za a duba bayan wata uku. Ya dafa kafaɗar Laouali, ya ce in sha Allah, ya wuce gado na gaba.

"Baba, me ya ce?"

"Ya ce jijiya ta taɓu. A ba ta wata uku."

"Ba fassara na tambaye ka ba. Wace kalma ya faɗa?"

Sha'aban ya zauna a kan kujerar roba. Ya san abin da ke rataye a kan amsar. Kamfani ba ya riƙe magini mai hannu ɗaya, kuma iƙamar Laouali, wato takardar izinin zamansa, saura wata biyar ta ƙare. Shi kuma Sha'aban tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa barin wannan kalmar ta hau harshensa ba. Ko samarin ɗakinsu na unguwar Jaradiyya, in ɗaya ya faɗe ta, sai ya tsayar da cin abinci ya yi masa faɗa.

"Damej ya ce maka. Kai ma ka ji."

"Ni ya ce wa damej," in ji Laouali, yana kallon silin. "Wancan mai farar rigar fa?"

"Maganar likitoci ce tsakaninsu. Ba komai nake kamawa ba."

Laouali ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Baba, hannuna aka naɗe, ba kunnena ba. Shekara tara ina ɗora kaya a motar shara da wannan kalmar. Ko a cikin barci aka faɗe ta zan gane ta."

Sha'aban ya ɗauko kwalbar ruwa ya buɗe masa, Laouali ya kawar da kai.

Wayar da ke kan durowa ta fara ruri. Sunan Bilƙisu ne a jiki, matar Laouali, kiranta na huɗu tun safe. Laouali ya miƙa hannun dama kamar yadda ya saba, yatsun suka taɓa wayar ba su kama ta ba. Ya daɗe yana kallon su.

"Ɗauka ka kara mini a kunne."

Sha'aban ya ɗauka, amma bai danna ba tukuna. "Wace kalma za ka faɗa mata?"

"Ta gyara, irin taku, ku masu Turanci," in ji Laouali. Ya gyara murya. "Danna, Baba."