Kitson da Anti Ba Ta Ƙarasa Ba

"Ba ta zo ba," in ji Sista daga bayan taga. "Wallahi Anti, har yanzu ba a kawo ba."

Anti Mai Kitso ta dafa katakon tagar da hannu biyu. "Haba Sista! Wannan allura a ƙafa take tahowa? Ai ko rarrafe take yi ya ci a ce ta iso."

Matan da ke kan benci suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san ba wasa take yi ba.

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da aka kawo ni layin ina amarya ta riƙe ni kamar ƙanwa, kuma babu wanda ke taɓa kaina sai ita. Yaranta biyar. A haihuwar autanta jijjiga ta kama ta, ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Da ta farfaɗo likita ya zaunar da ita da mijinta, ya ce wani cikin zai iya tafiya da ita. Tun daga nan take zuwa wannan ƙaramin asibiti a yi mata allurar tazarar haihuwa. Yanzu ga shi lokacinta ya wuce, tana ta zuwa ana mayar da ita.

"To ƙwayar fa, Sista?" na ce.

"Da jininta da ke hawa? Ba zan ba ta ba, Amarya. Ta dantse kuwa, wadda ake sawa a ƙarƙashin fata, ta riga allurar ƙarewa." Ta naɗe wasu 'yan kwaroron roba a takarda ta turo. "Su ke nan suka rage. Anti, bar min lambarki. Ranar da mota ta sauke kaya, ke zan fara kira."

A tsallaken titi mijinta na zaune a kan babur, yana ta gyara madubin da bai lalace ba. Mai walda ne, dogo, marar magana, kunya ta yi masa yawa. Shi ke kawo ta kullum, amma bai taɓa taka ƙofar asibitin ba, kuma ya roƙe ta kada kowa a layi ya ji zancen. Ni kaɗai ta gaya wa. Da ya kalli fuskarta bai tambayi komai ba.

"Mai Tartsatsi, ja mu tafi," ta ce.

"Zan sake zagaya kemis-kemis," ya ce a hankali. "Allurar da na samo jiya, kwananta ya wuce. Ba zan bari a sa miki ita ba."

Na karanta littattafan soyayya har ban san adadinsu ba, na yi kuka a kan wasu har takarda ta jiƙe. Amma ban taɓa cin karo da irin soyayyar mutanen nan biyu ba. Ban taɓa jin ya ce yana son ta ba. Kujera ya ƙera mata ta ƙarfe, da majingina daidai bayanta, ya goge duk wani kaifi don kada ya ja mata zane. Ita kuma da yamma, in ya dawo idanunsa jajir saboda hasken walda, sai ta jiƙa tsumma ta ɗora masa, tana yi masa faɗa kamar yaro.

Watanni suka shuɗe, waya ba ta yi ƙara ba.

Wata rana tana buɗe kwalbar man kitso ta ajiye da sauri, ta ruga bayan ɗaki. Da ta dawo ta zauna, ta dube ni.

"Amarya, an gamu," ta ce.

Nan take na gane ciki take nufi. Da yammar nan, ta cikin katanga, na ji kukan namiji, irin wanda ake danne shi da tafin hannu, da muryarta tana cewa, "Kai, tashi mana. Yara za su shigo. Ni da ke ɗauke da shi ban yi kuka ba sai kai?"

Da cikin ya fito, layi ya ɗauka. Mai Ɗinki, wadda bakinta ya fi kekenta gudu, ita ce kan gaba. Tana zaune ana yi mata kitso take cewa, "Anti, bayan abin da ya faru wancan karon? Maza dai ba su da tausayi. Shi ya tara 'ya'ya, ke ki tara ciwo."

"Ke, daina motsa kai, za ki karkatar min da tsaga," in ji Anti. Ta kallo ni ta ƙifta ido, wato in yi shiru.

Ba ta yi wasa da awo ba, ba ta yi wasa da maganin hawan jini ba. Duk da haka ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta koma sa silifas ɗin mijinta. Daga baya yatsun ma suka cika, waɗannan yatsu da ke gudu a kan gashi kamar suna da idanu. Na ce ta huta da kitso. Ta ce in ta zauna haka nan, tunani ne zai kashe ta kafin cikin.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, rana ta fito sosai. Ina zaune a tabarma tsakanin gwiwoyinta, 'Yar Fari, babbar 'yarta, na wanke kwanuka a bakin famfo. An gama ɓangaren dama na kaina. Sai na ji kibiyar tsaga ta tsaya.

"Amarya, wa ya kunna walda a gidan nan?"

"Walda kuma, Anti?"

"Tartsatsi nake gani, ko'ina tartsatsi." Ta yi 'yar dariya. "Mutumin nan har cikin idona ya biyo ni."

"Kanki na ciwo?"

"Tun jiya. Kada ki gaya masa, yana da aikin ƙofa da zai kai yau. Juyo nan, mu gama."

Ba mu gama ba. Gwiwoyinta suka matse kafaɗuna da ƙarfi, kibiyar ta faɗi, ta zame daga kujerar jikinta na kaɗawa. 'Yar Fari ta saki kwano ta yi ihu, "Umma! Umma!" Ban san lokacin da na fita titi ba ɗankwali ba.

Aka kira mijinta, ya iso da baƙin gilashin aikinsa har yanzu a goshi. Ya ɗauke ta cak, kamar ba ta da nauyi, aka tari mota. Duk hanyar babban asibiti kanta na kan cinyarsa, yana ta maimaita magana ɗaya: "Ga ni nan. Ga ni nan fa."

An yi mata aiki. Yaron bai zo da rai ba. Ita kuma ta buɗe ido sau ɗaya bayan azahar, ta dube shi, ta dubi kaina.

"Wa ya bar ki kika fito haka, rabin kai?" ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Za a ce ban iya aiki ba."

Kafin rana ta faɗi ta cika.

Kwanakin zaman makoki gidan ya cika da mata. Ana kuka, ana addu'a, ana kuma ƙus-ƙus. Duk sanda mijinta ya shigo tsakar gida ɗaukar wani abu sai a yi tsit, a bi shi da ido. Mai Ɗinki ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda zai ji, "Wanda ya kashe ma yana karɓar gaisuwa." Ya ji. Bai juyo ba. Maganar ta zo min har maƙogwaro, na haɗiye ta, don sirrinsa ne, kuma mai ba ni izini ta tafi.

Ana cikin haka wata rana da hantsi, ya shigo zai ɗauki tabarma, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Tata ce. Ya ciro ta yana lalube, bai saba da ita ba, ya danna wurin da ya sa murya ta fito fili.

"Anti! Sista ce. Albishirinki, mota ta sauke kaya yanzun nan. Na ce ke zan fara kira, ko ban ce ba? Ki ce wa mai babur ɗinki ya kawo ki, ya daina ɓuya a tsallaken titi, duk mun san shi."

Babu wadda ta yi motsi.

"To, Sista," ya ce. "An gode. Allah ya saka."

Ya kashe. Na ɗauka zai fita. Sai ya juyo, mutumin da bai taɓa haɗa ido da matan layin ba, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji, ta iso," ya ce. "Duk mai bukata ta je yau, kada ta bari sai gobe. Ƙarewa take yi."

Ya ɗauki tabarmarsa ya fita. Mai Ɗinki ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Da yamma, bayan an watse, na zauna ni kaɗai a gindin kujerar ƙarfen. Tun ranar ban taɓa kaina ba, na kasa tsefe abin da ta kitsa, na kuma kasa kai wa wata ta ƙarasa. Ɗankwalina ya zame. 'Yar Fari ta fito daga ɗaki, ta tsaya tana kallon rabin kitson. Ta sunkuya ta ɗauko kibiyar daga ƙarƙashin kujera, inda ta faɗi, ta goge ta da gefen zane.

Ta hau kujerar. Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba.

"Anti Amarya," ta ce, "juyo nan."