Waƙar Niƙa a Gidan Maitama

A damunar 1964 na ari na'urar ɗaukar murya daga makarantar da nake koyarwa a Malumfashi, na tafi Dayi. Waƙoƙin niƙa nake tarawa, irin na kafin zuwan Turawa, don in nuna wuyar da kakanninmu mata suka sha a gidan aure. A lokacin ji nake ba wanda ya kai ni wayo.

Aka kai ni gidan wani manomin auduga, Maitama. Mahaifiyarsa, Gwaggo Inno, ta ce muryarta ta tafi, amma surukarta Barakatu, matar Maitama, ta iya. Barakatu ta durƙusa gaban dutse tana niƙa tana rerawa, labarin wata mata da miji ke ɗaure wa ƙafa a turke duk ranar da zai yi tafiya. Daɗi ya kama ni, na samu abin da nake nema. Can sai na ji ta ce mijin ya tafi Funtua taryar jirgin ƙasa. Zamanin kakanni ina jirgi? Na dubi idon sawunta, ga shatin igiya bai warke ba. Ashe labarin kanta take rerawa.

Ban gama naɗe waya ba Maitama ya dawo da baƙi. Ya aiko a kai akwatin nan mai magana zaure, su ma su ji. A garin, abin da mace ta faɗa a kan dutsen niƙa namiji yakan yi kamar bai ji ba. Amma zaure ba wurin niƙa ba ne, kuma ga mutane. Barakatu ta daina niƙa, tana kallona kawai.

Tsoro ya hana ni tunani. A hanyar zaure na fizgo zaren na'urar da muryar ke kai na tsintsinka shi, na shiga na ce ta lalace. Baƙi suka yi ta jaje. Maitama kuwa zaren da ke manne a hannuna yake kallo.

Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, cikin ladabi.

"Malama Rahab, kada ki damu da akwatin," in ji shi. "Zan tambayi Barakatu da kaina abin da ta gaya masa, da har kika ga gara ki yi asararsa."