Agogon Malam Lawan

In ka ga Sambo da safe a kan babur ɗinsa, hula a karkace, jaka a hammata, sai ka rantse shi ke riƙe da ma'aikatarsu. Amma bari ƙarshen wata ya zo, wannan babban ma'aikaci bayan ƙyaure yake laɓewa kamar ɓeran da ya ji motsin kyanwa.

Bashi ne ya jawo. Mahaifinsa, Malam Lawan, tsohon direban babbar mota daga Katsina, ya kwanta a wani asibitin kuɗi a Doka. Jiki ya yi sauƙi, aka dawo da shi gidan Sambo, amma gigin tsufa ya riga ya kama shi. Sambo, da son a sani, ya bugi ƙirji ya ce a rubuta komai da sunansa. Aka rubuta kuwa. Sai albashi ya fara wasan ɓuya, asibitin kuma ya shiga turo wani Audu, dogo mai haƙurin tsiya, zuwa gidansu a Badarawa karɓar kuɗi.

To, ba bashin ne ya fi cin ran Sambo ba. Baba ya daina kiran sunansa. Kullum Sambo zai faɗo zaure a gurguje, takalmi a ƙafa, fuska a murtuke: "Baba, an sha magani? Ina ƙwayar jiya? Kun san nawa ake sayar da ita?" Tsoho sai ya dube shi ya kau da kai. Wallahi abin yana yi masa ciwo. Ko sau ɗaya ne, yana so ya sake jin "Sambo" daga wannan bakin.

Ran wata Asabar da hantsi, matarsa Zuwaira ta leƙo ta ce, "Malam, ga mutumin naka nan tafe."

"Ki aika a ce na tafi Zariya kwas."

"Wancan watan ma ai Zariya ka tafi."

"To, kwas ɗin bai ƙare ba!"

Ya maƙale a bayan ƙyauren zaure, da tumbinsa da komai, yana leƙe ta kafa. Audu ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna gaban tsoho. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, har ya zauna a gefen tabarma. Ba don Allah ba ne fa duka. An ce masa kada ya koma hannu biyu, furar Zuwaira kuma ba ta da laifi.

Sai Sambo ya ji muryar mahaifinsa, tas, kamar ta da: "Sambo, ka zo?"

Har ya buɗe baki zai amsa, sai ya ji Audu ya ce, "Na'am, Baba." Babu ko gargada. Ashe an daɗe ana haka!

Tsoho ya matsa kusa, ya rage murya. "Ka yi hankali. Akwai wani mai bin bashi da ke zuwa kullum. Ba ya gaisuwa, ba ya zama, sai maganar kuɗi. In ya zo ka ɓuya."

Kunya ta turo Sambo daga bayan ƙyaure, hularsa duk yanar gizo. Malam Lawan na ganinsa ya yunƙura ya miƙe, ya baza hannun rigarsa ya kare Audu.

"Ba ya nan!" in ji shi. "Ya tahi Zariya."

Audu ya sunkuyar da kai cikin ƙwaryar fura. Sambo kuwa ya rasa na yi, dariya ko kuka. Ƙaryar ma ashe ta gado ce.

Tsoho ya kwance agogonsa na zamanin tuƙi, wanda ya daɗe da mutuwa, ya miƙa wa Sambo da hannu biyu. "Amshi wannan, bawan Allah, ka rabu mini da yaro. Albashi ne ba a biya su ba."

Sambo ya tuɓe takalminsa, ya durƙusa a bakin tabarma, ya karɓa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Na karɓa, Baba. Ba zan ƙara damunsa ba."

"Yaron kirki ne wallahi," in ji tsoho, yana shafa kan Audu. "Don dai ba ka san shi ba ne."