Harafin da Ba a Rubuta Ba

A ofishin nan Sarkin Sauri ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Mutum ne da ko shayi ba ya jira ya huce. Shekara uku da suka wuce ya gaji da zaman minti arba'in yana kallon baƙin allo duk lokacin da za a gwada manhajarsu, wadda ƙananan asibitoci ke tsara ranakun ganin likita da ita. Sai ya ƙirƙiro gajerun haruffa da ake liƙa wa umarnin gwaji: -b ya kawo cikakken bayani, -m ya maimaita abin da ya faɗi, -t kuma ya tsallake duk gwajin da ya shafi kwanan wata, don su ne masu nawa. Da -t, minti shida an gama, allo ya yi kore shar kamar ba a bar komai a baya ba.

Rubuta bayaninsu a takardar jagora kuwa, kullum gobe. Goben nan har ta yi furfura.

Malama ta zo wata biyu da suka wuce. Shekara goma sha biyar tana koyar da lissafi kafin ta koyi aikin gwajin manhaja, kuma har yanzu a gwajin aiki take, sai ta cika wata uku a tabbatar da ita. Komai aka faɗa mata sai ta rubuta a wani littafi mai shuɗin bango. A makonta na farko Sarkin Sauri ya same ta ta rafka tagumi tana jiran allo, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Malama, ai sai ki tsufa a nan. Ƙara -t."

"Me yake yi, ƙanena?"

"Sauri yake sawa," ya ce, ya wuce abinsa.

Ranar Alhamis ita aka ba gwajin ƙarshe kafin a saki sabuwar manhaja. Allo ya yi kore, ta sa hannu. Zuwa Litinin waya ta hana kowa sakat: a asibitoci huɗu ranaku sun zame da kwana ɗaya, masu juna biyu sun biya kuɗin mota sun zo awo an ce sai gobe. Manaja ya ce a haɗu Talata da ƙarfe goma, kuma kowa ya san kujerar wa ke rawa.

Sarkin Sauri ya duba tarihin umarnin da aka buga, ya ga harafinsa zaune daram a ƙarshen layi. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya kasa haɗa ido da kowa. Bai je wurin Manaja ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe takardar jagora, ya zauna yini guda yana rubuta abin da ya kamata ya rubuta tun shekara uku. Harafi bayan harafi, da misali. Da ya zo kan -t ya sa da manyan baƙaƙe: KADA A YI AMFANI DA SHI KAFIN A SAKI MANHAJA. Ya tura, ya ce wa zuciyarsa ai ya gyara. Ihu bayan hari ke nan.

A gida ya tasa abinci a gaba yana juya cokali. Matarsa tana ninke kayan makarantar 'yarsu, ta dube shi sau biyu.

"Baban Mimi, wa ka taka yau?"

"Aiki ne kawai."

"Aiki ba ya hana ka ci. Hakki ne ke hana ka."

Talata suka zauna a ƙaramin ɗakin taro mai fanka mai ƙara. Malama ta ajiye shuɗin littafinta a kan tebur, a rufe, ta ɗora tafin hannu a kai. Manaja ya shigo da takarda a hannu, kuma tun daga nesa Sarkin Sauri ya gane manyan baƙaƙensa.

"Malama, ina ganin girmanki," in ji Manaja. "Amma ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Mai gwajin da ba ya karanta jagora, ban san yadda zan tabbatar da shi ba."

Ashe igiyar ɗaure Malama Sarkin Sauri ya tufka jiya. Malama ta karanta layin, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ba harara, ta mai da ido kan takardar. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Fanka na ta ƙara. Manaja ya cire murfin biro.

"Ranka ya daɗe," in ji Sarkin Sauri, "a duba ranar da aka rubuta layin nan."

"Kamar yaya?"

"Jiya na rubuta shi, ƙarfe huɗu. Ranar Alhamis babu shi. Ni na ƙirƙiri harafin, ban taɓa rubuta bayaninsa ba, kuma ni na ce ta ƙara shi. Ta tambaye ni aikinsa, na ce sauri."

Manaja ya mai da murfin biro, ya ce Malama ta koma bakin aikinta. Shi kuma Sarkin Sauri, Manaja ya karɓe masa ikon sakin manhaja, ya ce shi zai kira asibitocin huɗu ɗaya bayan ɗaya ya ba da haƙuri da bakinsa.

A baranda Sarkin Sauri ya tarar da Malama tana jiransa. Ta buɗe littafin ta miƙa masa. Ga shi nan da kyakkyawan rubutun malamai, har da kwanan wata: "-t, don sauri. In ji Sarkin Sauri."

"Tun farko yana hannunki," ya ce. "Me ya sa ba ki nuna ba?"

"Na saba jiran mai laifi ya ɗaga hannu da kansa."

"Da ban ɗaga ba fa?"

Ta karɓi littafinta ta rufe.

"Da na buɗe, ƙanena. 'Ya'ya uku gare ni. Ƙirga goma nake yi a zuci, kuma na kai takwas."