Tsabtar Da Ta Kashe Lamba 412

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kiwon bakteriya a ɗakin gwajin Dokta Ortwin Brackebusch, nan Braunschweig, kuma duk wanda ya ce ya taɓa ganin datti a teburina, ni Gesche, maƙaryaci ne. Da wannan nake tinƙaho. Shi ne kuma ya ja mini abin da har gobe nake nadamarsa.

Namu ba masu sa cuta ba ne. Masu yauƙi ne, na cikin ƙasa da ɓawon itace da kashin zomo. Ba sa tafiya ɗai-ɗai. A gungu suke jan ciki bisa yauƙinsu, su yi wa wasu bakteriya ƙawanya su cinye. In yunwa ta zo, sai dubun-dubatarsu su taru wuri guda, su hau kan juna, su gina 'yar bishiya da ba ta kai kan allura ba, har da rassa da 'ya'ya. Mafi yawansu a wurin ginin suke mutuwa, sauran su kwanta barci cikin 'ya'yan har abinci ya dawo. Da siffar bishiyar nan aka fara raba su dangi-dangi, tun kafin a iya karanta ƙwayar gadonsu.

Wadda muka sa wa lamba 412 kuwa Hiltrud ce ta kawo ta, matar Dokta, malamar firamare mai bakin tsiya. Wata safiya ta shigo da ɓawon tsohuwar bishiyar bayan gidansu a ƙunshe cikin hankici, ta dangwara masa a tebur.

"Ungo, tsoho. Tunda fure ba ya burge ka, ga ruɓaɓɓen itace."

Bayan mako biyu muka leƙa madubin ƙara girma muka ga bishiyoyi launin lemo, rassansu a murɗe, irin da ba ya cikin kowane littafi. Ƙwayoyin gajeru ne masu dakushin baki, alamar 'yan dangin Polyangiaceae, amma a cikin dangin babu mai kama da su. Dokta ya kira gida nan take. Ina jin sa ya ce, "Sunanki zan sa mata, Hiltrud. Na yi alkawari."

Faɗa da baki ba wuya. Ƙa'idar masu raɗa suna ita ce, sai ka kai halittar da ranta, ita kaɗai tsantsa, a ajiye a ma'adanar ƙwayoyi guda biyu a ƙasashe biyu. Ita kuwa 412 tana da ɗan rakiya, wani farin bakteriya siriri da ke manne cikin yauƙinta. Ka raba su yau, jibi ka gan shi ya dawo. Sanyi kuma ba ta jure shi. Sau bakwai muna daskarar da ita, sau bakwai ba ta farka ba. Don haka duk kwana goma sai na ɗauke ta da bakin waya na mayar sabon faranti. Shekara goma sha tara ina wannan bautar, ina zagin farin nan kamar yana jina.

Sai mantuwa ta kama Hiltrud. Ta fara da barin murhu a kunne, ta kai ga ɓata a layin da ta shekara arba'in a ciki, har aka kai ta gidan jinya. Sunan 'yar ƙanwarta ya tafi, sunan makarantarta ya tafi. Abu ɗaya ya ƙi tafiya: alkawarin.

Ran nan Dokta ya dawo daga wurinta ya zauna ko kwat bai cire ba.

"Gesche, likita ya ce ba lallai ta kai bazara tana iya karatu ba. So nake na ɗora mata takardar a cinya, ta karanta sunanta da kanta."

"To ka roƙi masu ma'adanar su karɓa haka nan mana."

"Na roƙa. Sun ce ba sa karɓar ƙazanta."

"Ƙazanta? Farantina?" Raina ya ɓaci. "Dokta, ba ni wata uku. In ban kori ɗan banzan farin nan ba, ka canja mini suna."

Ya yi 'yar dariya. "Ke dai da cika baki."

Ban cika baki ba. Na gwada magani goma sha ɗaya, na haɗa biyu, na rage, na ƙara, har na samo wanda ke kashe farin ya bar 412. A mako na tara na duba faranti uku, tas, ko ɗigo babu. Na sake dubawa bayan kwana goma, tas. Dokta ya rungume ni har tabarau ɗinsa ya faɗi, ya tafi ya fara rubuta takarda.

A nan ne na yi abin. Tsofaffin farantai shida masu farin suna nan a kan shiryayye, taku biyu daga masu tsabta. Duk wanda ya koyi aikin nan, abin da aka fara dasa masa ke nan: ba a barin gurɓatacce kusa da tsantsa. Ban tambayi kowa ba, don me zan tambaya? Na kwashe su shidan na zuba a tukunyar tururin da muke kashe ƙwayoyi da ita, na murɗa marfi. Wallahi har waƙa nake yi.

A juyi na gaba, da na mayar da ita sabon faranti, 412 ta yi tafiya, amma a kasalance. A na gabansa ta ƙi gina bishiya ko ɗaya. Na canja abinci, na canja ɗumi, na yi mata magana kamar mahaukaciya. A juyi na uku sai wani ɗan tabo kodaɗɗe da ba ya motsi. Ashe farin nan da na shekara goma sha tara ina tsine wa, wani abu yake ɗiga mata wanda ba ta rayuwa sai da shi. Abin da ta tara ne ta ci har ya ƙare.

Dokta ya daɗe a kan madubi. Da ya ɗago ya ce, "Ba komai. Kawo tsofaffin, mu sake haɗa su."

Na ci gaba da goge tebur.

"Gesche. Ina tsofaffin?"

"Na dafa su."

"Duka?"

"Duka shidan."

Da ma ya zage ni. Da ma ya jefe ni da faranti. Sai kawai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce a hankali, "Haka na koya miki." Bishiyar bayan gidansu kuwa tun shekara shida da suka wuce iska ta kayar da ita aka faskare. Muka bi bishiyoyin maƙwabta muna ɓare ɓawo har wata guda. Muka samu iri-iri, amma ba ita.

Ni na nace sai na bi shi gidan jinya. Ƙarfe uku na yamma muka same ta bakin taga, an kawo mata kofi da kek ɗin tuffa, an gyara mata gashi. Ta gane shi. Ni ma ta gane ni, abin da ban so ba.

"A'a, sarauniyar sabulu! Zauna. Tsoho, an buga sunan?"

Ya buɗe baki, na riga shi. Na gaya mata komai tiryan-tiryan, ban rage laifina ko kaɗan ba. Ta saurara cokali a hannu.

"Ta mutu ke nan?"

"Ta mutu."

"Ba wata?"

"Babu."

Ta ajiye cokalin. Sai ta fashe da kuka irin na yaro, baki buɗe. "Ni da ban haifa ba," ta ce, "na ce ko wannan zai saura." Dokta ya durƙusa gabanta da gwiwoyinsa masu ciwo, ya riƙe hannuwanta, shi ma yana yi. Ni na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa tsanar hannuwana kamar ranar ba.

A hankali kukan ya lafa. Ya share mata fuska, ya miƙa mata kofi. Ta kurɓa, ta kalli wasu tattabaru a kan rufin da ke fuskantar taga, ta ce kek ɗin ya yi zaƙi da yawa. Minti goma ba su cika ba ta juyo, idonta jajir amma fuskarta a sake, ba ta san me ya sa kumatunta suka jiƙe ba.

"Af, tsoho, an buga sunan?"

Dokta ya dube ni. Mutumin da ko awo ɗaya bai taɓa yarda a gyara masa a littafi ba.

"An kusa," ya ce.

"Kai dai da nawa," in ji ta, tana murmushi. "Ka yi sauri, ka ji? Ina so na gani."