Rarrafen Musaddiq a Tsakar Gida

Ɗakinmu na haya a Iku ba shi da fili. In aka cire gado da durowa, abin da ya rage bai kai shimfiɗar tabarma ba. Shi ya sa dole muke fitowa tsakar gida.

Musaddiq ne ɗana na fari, shekararsa bakwai. Zaman aji ya gagare shi. Da an buga ƙofa sai ya zabura ya watsa hannuwa kamar jariri, fensir ya faɗi, kuka ya biyo baya. Wata likitar gashin ƙashi a Abuja ta duba shi, ta ce akwai zaburar jarirai da ke barin jiki da wuri, amma a wasu yaran takan daɗe. Ta koya mini in kwantar da shi in riƙa jijjiga shi a hankali, sannan ya yi rarrafe, hannun dama da gwiwar hagu tare. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta dai ce kullum ne, kuma kada in tilasta masa, sai da son ransa.

Da sassafe muke yi, kafin 'yan haya su fito. Ran Asabar ruwan sama ya makarar da mu. Yana tsakiyar rarrafe sai ga Eniola, 'yar maƙwabciyata Bose, da bokiti a hannu.

"Kai! Bebi! A kawo masa fida!"

Sauran yara suka ɗauka. Musaddiq ya miƙe ya manne da bango. Na san halin ɗana. In ya bari yau saboda dariya, ba zai ƙara sa gwiwa a ƙasa ba.

Ana haka Yaya Ummukulthum ta yi sallama. Yayar mijina ce, daga Lambata ta taso, kuma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a wurin ƙaninta. Ta dubi tabarmar, ta dubi gwiwoyin yaron.

"Mardiyya, me nake gani? Ashe da gaske ne."

Na rusuna na gaishe ta. "Yaya, magani ne. Likita ce ta..."

"Magani? Yaron da ya yi tafiya tun yana wata tara, muna alfahari, shi za ki mayar jariri a bainar jama'a?" Ta rage murya, amma kowa na ji. "Kuma ɗan fari! Mu ko sunan namu ba ma kira. Ke kin tasa shi gaba kina lailaya. Ina kunyar taki? Naɗe tabarmar nan."

Bose ta daina wanki. An ɗaga labule a ɗakin ƙarshe.

Ban taɓa musu da Yaya ba. Na kai hannu ga tabarmar, sai na ga Musaddiq yana kallona ta wutsiyar ido, yana jiran ya ga ko ni ma kunyarsa nake ji.

Na ƙara ɗaure zanina. Na durƙusa, na dafa ƙasa. Simintin da sanyi, ga laimar ruwa.

"Innalillahi! Mardiyya, tashi!"

Na miƙa hannun dama, na jawo gwiwar dama. Na wuce ƙarshen tabarmar, tsakuwa na sukata. Wani yaro ya fara dariya, na ji Bose ta daka masa tsawa da Yarbanci. Ban ɗaga kai ba.

"Mama, ba haka ba ne." Muryar Musaddiq ce, can ƙasa-ƙasa. "Kin haɗa dama da dama."

"To zo ka nuna mini, ni na manta."

Na ci gaba da rarrafe. Sai na ji tafin hannunsa ya sauka a siminti kusa da nawa.

Muka nufi bakin rijiya tare, yana gyara mini. Ta gefen ido na ga takalman Yaya sun juya sun shige ɗakinmu, ƙofar ta bugu da ƙarfi. Musaddiq ya zabura, hannunsa ɗaya ya tashi sama. Na tsaya ina jiransa.

Ya sauke hannun, ya jawo gwiwa.