Ragon Kulu Ya Daina Tuƙa

Kulu ta durƙusa tana buɗe wa ragon baki da yatsa, shi kuwa ya kawar da kai kamar ta yi masa laifi. Kwana biyu ke nan bai yi tuƙa ba. Gobe kuma ake bikin suna a Argungu. Matar ɗanta ta sauka bayan shekara goma sha ɗaya ana zuba ido, kuma tun cikin yana wata huɗu Kulu ta ce ragon suna nata ne, kada wanda ya sa mata hannu. Rago marar lafiya kuwa liman ba zai sa masa wuƙa ba.

Elias, malamin dabbobin da ke haya kusa da ita a unguwar Badariya, ya jingine kekensa ya shigo. Shi ya kawo mata dabarar, daga wata takarda da aka aiko ofishinsu daga Sakkwato: a riƙa zuba wa ɗan rago man gyaɗa cikin dusa, zai yi saurin girma, namansa ya yi taushi. Ya danna cikin ragon, ya taɓa kwanon dusar, yatsunsa suka fito suna ƙyalli.

"Mama, cokali nawa kike zubawa?"

"Guda, yadda kac ce."

"Zuba in gani."

Ta cika cokali ta juye. Sai hannun ya sake karkata kwalbar man da kansa, mai ya tsiyaya, ya tsiyaya, kafin ta ɗago.

"Wannan fa?"

"Wanga? Ai gyara na. Shekara talatin ina sai da mai, ban taɓa sallamar mutum babu gyara ba. Shi za ni yi ma rowa?"

Elias ya dafe kai. Ashe yadda haihuwa ke matsowa haka gyaran ke ƙaruwa, har ya ninka cokalin sau biyar. Ya ce mai in ya yi yawa lulluɓe ciyawa yake a tumbi, ta ƙi narkewa. A janye dusar, a ba shi busasshiyar harawa da ruwan kanwa, saura kuma sai abin da Allah Ya yi. Kunya ta kama Kulu, ga tsoro. Da hannunta ta jawo, kuma da zuciya ɗaya.

Da la'asar ta hau a-kori-kura, ta zauna tsakanin buhunan shinkafa, damin harawa a gefe, kan ragon a cinyarta. Suna wuce Zauro fadama ta buɗe, kore har inda ido ya tsaya, balbelu na tashi suna sauka. Iska mai ƙanshin danshi ta riƙa shafa mata fuska, idonta ya yi nauyi.

Sai ta ga gulbin Rima ya zama man gyaɗa tsantsa, yana tafiya a hankali, jirage na sulalewa a kai ba mai tuƙi. Mijinta Hodi, da ya rasu shekara shida, yana zaune cikin ɗaya da jariri a hannu. Jaririn har da haƙora, yana cin tsoka yana dariya, mata a bakin gaɓa suna tambaya, "Wa yay yi kiwon wanga rago?" Ta buɗe baki za ta ce ita ce, amma jirgin ya yi nisa.

Wani motsi a cinyarta ya tashe ta. Damin harawar ya rage. Muƙamuƙin ragon na juyawa a hankali, ya haɗiye, ya sake kawowa, idonsa a lumshe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Kulu.

Wani dattijo mai kwandon kifi ya leƙo. "Inna, bisanki ya samu lahiya. Gobe war haka shina cikin tukunya."

"Awo," in ji ta.

Tun safe abin da take roƙo ke nan, ga shi an ba ta. Amma sai yanzu ta tuna wata biyar ɗin nan ba ta da abokin hira a gidan sai shi, kuma jibi ita kaɗai za ta hau motar komawa. Rumfunan Argungu suka fara bayyana. Direba ya buga ƙarfen mota ya ce masu sauka su shirya, Kulu kuwa ta ce ya wuce da ita tashar gaba, za ta tako baya da ƙafa, ita da ragonta.